Uwa Tawa, Ɗan Ciki na Tanko

Tun da na dawo daga ƙasar Faransi ba a raba rumfata da masu tambaya. Wani ya kawo gyaran linzami, sai ya gyara zama ya ce, "Iro, wai yaya can ɗin take?" Wani ma ba abin da ya kawo, tambayar ce ta kawo shi. Nakan ba su labarin fura da rijiyoyi in yi shiru, domin sauran ba ya faɗuwa ina riƙe da basilla. Yanzu shekara ta zagayo har ta ɗora, na ga gara in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Mu biyu muka tafi, ni da Tanko. Duk wanda ya zauna Tudun Wadan Zazzau tun gidajenta na ƙirguwa ya san shi: dogo, mai wushirya, ya yi aikin shimfiɗa hanyar jirgi, da aka gama ya koma dakon auduga. Danga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, inda yake zaune da matarsa da tsohuwarsa. Cikin 'ya'ya bakwai shi kaɗai ya rage wa uwarsa, Inna Hajo. Ubansa mai kula da bargar wani attajiri ne kafin zuwan Turawa, saboda haka Tanko ya tashi cikin warin dawaki, ya san su kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa mallakar ko jaki ba.

Ni baduku ne, abin da nake nema dabbar da za ta riƙa kai ni kasuwannin ƙauye da kayana. Tanko ne ya kawo shawara. Ya ce a Arewa, can ƙasar Faransi gaba da Katsina, goɗiya araha take, mu haɗa hannu mu sayo mai ciki, shi ya ba da kashi ɗaya cikin uku.

"Uwa taka, ɗan ciki nawa," in ji shi. "In raine shi da hannuna, tun yana rawar ƙafa."

A gaban Inna muka yi musafaha a kan haka. Ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da garin yaji a tsumma, ta ce, "Iro, kai ne mai sanyi. Wannan in ya ga doki ba ya ganin gabansa."

Jirgi muka shiga zuwa Kano, shigata ta fari ke nan. Tanko kuwa sai ka ce shi ya ƙera shi. Duk gadar da muka hau sai ya ce a nan ya ɗauki ƙarfe, a nan kunama ta harbe shi. Na leƙa taga in ga wata gadar, tartsatsin gawayi ya faɗo mini a kafaɗa ya huda rigar da na ajiye don tafiyar. Wani tsoho kusa da mu ya tashi zai yi azahar, ya tambayi gabas, aka nuna masa. Kafin ya kai ruku'u jirgi ya sha kwana, gardama ta kaure a kan ko sallarsa ta yi, har muka isa Kano ba a raba ta ba.

Daga Kano muka bi ayarin masu jakai zuwa Katsina, daga nan Jibiya. Ni a zatona iyaka wani abu ne da ido zai gani, ko ganuwa ko kogi. Ashe wani ɗan ginshiƙi ne tsaye a tsakiyar gonar gero. Muka tarar da mai gonar yana tara kara. Tanko ya tambaye shi shi na wa ne, na Ingilishi ko na Faransi. Ya ce ɗakinsa na Faransi ne, rumbunsa na Ingilishi, geron dai ba wanda ya gaya masa. Gaba kaɗan wani dogarin Faransi mai jar hula ya tsare mu ya kwance kayana. Ya ɗaga takalmin da na fi ji da shi cikin na sayarwa, ya zura ƙafa, ya yi taku biyu, ya dube ni. Na ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ya ce mu wuce.

A Maraɗi muka sauka gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, Baba Na'Allah, tsoho mai ido ɗaya da fara'a. Hausa ɗaya muke yi da su, amma sai ka kasa kunne. Fura a bakinsu hura ce, me kuma mi. Furar kuwa ita ce safe, ita ce rana, ita ce yamma. Kwana uku Tanko ya daure, ran na huɗu ya ce, "Baba, garin nan an hana tuƙa tuwo ne?" Aka yi dariya, da yamma aka kawo mana na gero mai tauri da miyar kuka tsinkakkiya. Muka ci muna tuna tuwon dawar Zazzau da miyar taushe. Sulallanmu ma ba su karɓa a kasuwa, sai da muka canja su da dala, kuɗin ƙasar, wurin wani mai zama a gindin tsamiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hawan goɗiya. A nan gida namiji mai ji da kansa ba ya hawanta ya ratsa gari, sai a yi ta yi masa ba'a. Can kuwa dattijo da rawaninsa zai zo kasuwa bisa goɗiya, duƙushi na biye, ba mai ko ɗaga kai. Har mace na gani ta hau, da ƙwaryar nono a gabanta.

Baba Na'Allah ne ya kai mu wani ƙauye, tafiyar rabin yini arewa da gari, inda rijiya ke da zurfin da sai bijimi ke jan guga. Mai goɗiyar sunansa Bawa, manomi ne. Damina ba ta yi masa kyau ba, ga haraji ya matso. Ya fito da ita daga bayan ɗaki: ja ce, mai farin goshi, ba babba ba, amma ƙafafunta tsaf. Tanko ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa cikinta ya daɗe.

"Yaushe aka yi mata baye?" ya tambaya.

"Wata huɗu ke nan," in ji Bawa. "Ingarman maigari ne, ina tsaye."

"Ta kama?"

"Tun ran nan ba ta sake nema ba. Abin da ke ciki Allah ɗai ya sani, amma ni da ciki nake sayar da ita, kuɗin mai ciki kuma za ku ba ni."

Har yau ban ce Bawa ya yi mana ƙarya ba. Da muka biya, matarsa ta zo ta kwance wata 'yar laya daga wuyan goɗiyar, ta riƙe ta a hannu jim kaɗan, sai kuma ta mayar ta ɗaure, ta shige ɗaki.

Komowa ba ta jirgi ba ce. Tanko ya ce girgizar za ta sa ta ɓari, don haka muka yanke mu biyo ta Katsina da Malumfashi a ƙasa. Hawa ma ya hana. Kayana a kaina, nasa a kansa, goɗiya na tafe tsakaninmu ba ko tsumma a bayanta. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an yi mana dariya, ana cewa ga bayin goɗiya nan sun rako uwargijiyarsu.

Cikin wata huɗu ba ya nunawa a goɗiya, nan wahalar take. Kowa muka tarar malami ne. Wata tsohuwar Bafillatana a bakin rijiya ta ɗaga wutsiyar, ta leƙa idon, ta ce ciki tabbas, namiji ma. Ran nan Tanko waƙa ya yi ta yi har zango. A Katsina wani dillalin dawaki ya zagaya ta sau biyu, ya ɗan doki cikin da bayan hannu, ya tsartar da yawun goro ya ce, "Samari, harawa kuka saya." Ran nan Tanko bai ci abinci ba. Wani kuma ya ce a hana ta ruwa tun yamma, da sassafe a ba ta mai sanyi, in akwai ɗa zai motsa a kwiɓinta na hagu. Muka yi. Muka tsuguna muna kallon kwiɓi kamar masu duban wata.

"Ga shi nan! Ka gani?"

"Numfashi na gani, Tanko."

"Kai dai fata ka sani, sai ta mutu take yi maka magana."

Ya yi fushi da ni har azahar, sannan ya miƙo mini ɓarin goro.

Bayan mun wuce Malumfashi muka sauka wani ƙauye, gidan maigari. Mutumin kirki ne, ya sa aka share mana zaure, aka kawo dambu da man shanu, abinci mafi daɗi da muka ci tun barinmu gida. Yana da wani baƙin ingarma a turke. Da ya ji damuwarmu sai ya ce duk waɗancan zancen banza ne, gwaji ɗaya ne na gaskiya: a kawo ingarma kusa da ita. In ta tsaya masa, babu komai. In ta ƙi shi ta yi harbi, to akwai.

Na ce a bari. Na ce saura kwana uku mu isa gida, in akwai ai zai fito, ciki ba ya ɓuya har abada. Tanko ya ce, "Iro, wata bakwai kake so in yi ina kallon kwiɓi? Bari in sani yau, in kai wa Inna magana ɗaya."

Da hantsi aka fito da su fili bayan gida. Ni na riƙe ragamar goɗiya, ƙanen maigari ya jawo ingarma. Tun daga nesa ingarman ya fara haniniya yana tono ƙasa. Da ya matso sai ya miƙe a ƙafa biyu, igiya ta kuɓuce. Tanko ya yi tsalle ya shiga tsakani don ya kamo ta. Daidai nan goɗiya ta kwantar da kunne, ta yi ƙara, ta saki ƙafafun baya duka biyu. Ɗaya ta sami ingarma a ƙirji. Ɗaya ta sami Tanko a ƙarƙashin haƙarƙari.

Ya faɗi, muka yi kansa. Kafin mu ɗaga shi ya tashi zaune da kansa, yana riƙe da ciki, yana dariya numfashi na sarƙe masa.

"Ka gani? Ta ƙi shi! Iro, ta ƙi shi!"

Maigari ya ce babu shakka, a yi mana barka. Amma da mutane suka watse, wani tsoho da ke saƙar igiya a gindin bango ya kira ni da hannu, ya ce a hankali, "Ɗana, wata goɗiyar don ciki take harbi, wata don tsoro." Ban gaya wa Tanko ba.

Wurin bai fashe ba, bai ko yi jini ba, ɗan shaci ne kawai. Washegari ya ce mu kama hanya. Ya yi tafiyar safe lafiya, sai dai ba ya magana. Wajen azahar na ga gumi na zubo masa alhali jikinsa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun yi fari, yana ta neman ruwa. Ya ce kafaɗarsa ke ciwo, na yi mamaki, don ba nan aka harbe shi ba. Na ce ya hau goɗiya.

"Ka sa ta ɓari?"

"Tanko, ka hau."

Sai da ya durƙushe sau biyu a hanya sannan ya yarda. Na shimfiɗa mata bargona, na cicciɓa shi, na jefar da rabin kayana a gindin wata ɗorawa na ɗauki nasa. Ya kwanta a wuyanta ya rungume. Mutumin da ya yi shekara talatin yana mafarkin hawan dokin kansa, hawan da ya samu ke nan.

Muka kai wata 'yar unguwa kusa da Danja, gida bai fi shida ba. Ba su san mu ba, ba su tambayi ko mu su wane ne ba. Suka ba mu ɗaki, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, wata tsohuwa ta dafa saiwa ta kawo. Cikin dai sai ƙara kumbura yake, ya yi tauri kamar ganga. Da gari ya waye ya ce in buɗe ƙofa ya ga goɗiyar. Tana ɗaure a gindin rumbu tana cin kara.

"Jiya da nake bisa na ji shi," in ji shi. "A ƙafata ta hagu. Sau biyu."

Na ce, "Allah ya raya."

"In namiji ne kada a sayar. In mace ce ma. Ka ce da Inna nata ne."

Daga nan bai ƙara zancen duniya ba. Limamin unguwar ya zo ya zauna a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa. Kafin rana ta take ya cika.

Mutum biyar ne suka tsaya masa salla, ni na shida. Liman ya fito da farin ƙyallen da ya ajiye don kansa ya ce a sa masa. Na ciro abin da ya rage a lalitata, ya ture hannuna, ya ce baƙo na Allah ne. Duk tafiyar nan ina ta lura da inda al'adar mutane ta saɓa da tamu, a nan kam ban ga bambanci ba. Yadda muke jera itace a kabari mu rufe da ganye da ƙasa, haka suka yi.

Kwana biyu na yi daga nan zuwa gida, ban hau ta ba, ban kuma iya duban ƙafafunta na baya ba. Na biyo ta Hanwa, na ƙetare Kubanni da la'asar. Inna na ƙofar gida tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ga goɗiya, fuskarta ta washe. Sai ta dubi bayana. Ta daɗe tana duban hanya.

"Ya tsaya wani wuri ne?"

Na durƙusa. Na gaya mata duka, ban rage ba, har da wadda ta yi harbin. Na ce in ta ce in fitar da dabbar daga unguwar nan, gobe ba za ta wayi gari a nan ba. Ta yi salati, ta kife faifan waken. Can ta ce, "Dabba ba ta san abin da ta yi ba. Abin da ke cikinta na Tanko ne. A kafa mata turke a gidana."

Aka kafa. Matar Tanko ta gama takaba, danginta suka zo daga Giwa suka tafi da ita, gida ya rage daga Inna sai goɗiya. Ita ke ba ta dusa da kanwa, ita ke share turke. Ni kuma kullum da safe kafin in buɗe rumfa sai in zagayo da harawa, in duba cikin, in duba hantsar. Inna ta kawo mini koko, in zauna a kan turmi, ta ce in ba ta labarin hanya. Labarin tsohon nan na jirgi ta ji shi ya fi sau ashirin. Kullum sai ta tambaya, "To shi me ya ce?" In faɗa mata abin da Tanko ya ce, ta yi murmushi.

Damina ta sauka, ciyawa ta yi yawa, cikin goɗiya ya fito ya yi fam. Masu zuwa kallo suka rabu biyu kamar na hanya. Muna da maƙwabci, Malam Bulus, Kirista ne, yana tafinta wurin Baturen da ke duba dabbobi. Ya ce da ni Baturen na da hanyar da ba ta kuskure: yakan shafa sabulu ya zura hannu har kafaɗa ta bayan dabba, ya taɓo ɗan da yatsunsa in akwai. Ya ce zai roƙar mana. Wasu suka ce hakan na zubar da ciki. Malam Bulus ya ce shi bai taɓa gani ba, amma ba zai rantse ba. Na kai wa Inna maganar, don ni kaina rashin sanin ya ishe ni.

Ta ce, "An gwada ta sau ɗaya, ya isa."

Ban ƙara tayar da zancen ba.

Goɗiya wata goma sha ɗaya take yi. Muka ƙirga daga ranar da Bawa ya faɗa, wata ya cika ana yankan gero. Hantsa ba ta sauko ba. Na ce ƙila Bawa ya ɓata lissafi, muka ƙara wata. Ciyawa ta bushe, sai na ga cikin yana komawa. Na ƙara mata dusa, na ce rama ce.

Wata safiya ina tsaye a turke, wani ɗan doka ya wuce ta bayan danga bisa ingarma. Ingarman ya yi haniniya. Goɗiya ta ɗaga kai ta amsa, ta ja igiya har turke na girgiza, ta ɗage wutsiya ta tsaya. Ko yaro ya san ma'anar wannan. Na zauna a kan turmi. Tunanina ɗaya, yadda zan juya in dubi Inna, don na ji fitowarta daga ɗaki.

Ta ajiye ƙwaryar koko a gabana kamar kullum.

Na ce, "Inna, babu komai a cikinta. Ban sani ba ko tun can babu, ko a hanya ya zube ranar da na ɗora shi. Babu dai."

"Na sani."

Na ɗago.

"Tun tsakiyar damina na sani. Ta yi irin wannan sau uku, kana kasuwa. Iro, bakwai na haifa, na kuma zauna da mai barga shekara ashirin. Cikin ciyawa ba zai ruɗe ni ba."

"To me ya hana ki gaya mini?"

Ta zauna a bakin ƙofa, ta gyara zanenta, ba ta dube ni ba.

"Kai kaɗai ka ga ƙarshensa. Kullum da safe kana shigowa ka duba ta, ka zauna ka ambace shi. Na ce in ka san babu, me zai ƙara kawo ka?"

 Na ɗauki kokon na sha don kada ta ga fuskata.

Goɗiyar tana nan a gidan Inna, ban mayar da ita gidana ba, kasuwannin ƙauye kuwa a ƙasa nake zuwa kamar da. An ba ni shawara in kai ta baye, Inna ta ce ba yanzu ba. Masu kawo gyara kuma su yi haƙuri da ni, rumfata ba ta buɗewa sai hantsi ya ɗaga. Da safe ina gidan Inna Hajo.